TAKARDAR DA KE ƘASAN ADAKATA

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, musamman ke uwargida da kike zaune kina ƙirga kuɗin cefane yana ƙin cika. Yau zancen kuɗi na zo miki da shi, kuma da tonon asirin kaina zan fara, tun da an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A ƙasan adakata, ƙarƙashin zannuwan da na daina ɗaurawa, akwai wata takarda mai kauri, mai ado a gefe-gefe kamar katin ɗaurin aure, da hatimi da sa hannun manya, ga sunana an rubuta ɓaro-ɓaro a tsakiya. Takardar shaidar hannun jari ce ta wani banki. A shekarar 2007 na biya naira dubu 180 kafin a ba ni ita. Yau in na kai wa mai ƙosan bakin layinmu ba za ta ba ni ƙosai uku ba, don ko naɗe ƙosan ba za ta yi da daɗi ba saboda kaurinta. Sau da yawa na ɗauko ta zan hura wuta da ita, sai in mayar, domin duk malaman da suka koyar da ni a makaranta babu wanda ya ba ni karatun da takardar nan ta ba ni.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda gari yake. A 2004 gwamnan Babban Bankin Nijeriya, Charles Soludo, ya ce kowane banki sai ya tara jarin naira biliyan 25, in ba haka ba ya rufe. Zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka dunƙule suka koma 25. To daga nan fa bankuna suka bazama neman kuɗin jama'a, suna sayar da hannun jari kamar gyaɗa. Ki kunna rediyo talla, ki kunna talbijin talla, ki je gidan suna ko gidan biki zancen ke nan, wance ta saya a naira goma yanzu ya kai talatin, mijin wance ya sayar ya sayi fili. Ni kuwa ina zaune ina jin kamar ana raba ganima a gari an manta da ƙofar gidanmu.

Wata yarinya ma'aikaciyar banki, 'yar ƙawar yayata, ita ta shigo mana har tsakar gida da fom a jaka. Ba na zarginta, don ita ma ta zuba albashinta a ciki. Ta ce, "Anti, wallahi wannan dama ce, in ta wuce ba ta dawowa. Ki ajiye wata shida kawai ki ga ikon Allah." Ban yi shawara da maigida ba. Washegari na kwashi awarwarona huɗu na zinare da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini, na aika aka sayar, na haɗa da kwasar adashina, na miƙa.

Da a nan na tsaya da sauƙi, tunda dukiyata ce. Amma ina da maƙwabciya, katanga ɗaya ta raba mu, wadda nake kira Yaya saboda ta girme ni. Mijinta ya rasu bai daɗe ba, ya bar ta da yara uku, an raba gado an ba ta tumunin takaba, ga kuma ɗan abin da ta tara na ɗinki, duka naira dubu 250. Na shiga na same ta a kan keken ɗinki na yi ta zuba mata bayani. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "To ni dai ban yi boko ba, amma ina da tambaya ɗaya. In na sayi tunkiya na san haihuwa za ta yi. In na sayi yadi na san ɗinkawa zan yi in sayar. Ita wannan takarda, ribar daga ina take fitowa?"

Na yi dariya, Allah ya yafe mini. Na ce, "Haba Yaya, ai wannan harkar masu ilimi ce, farashin ne yake tashi da kansa." Ta yi shiru, can ta ce, "To shi ke nan, ke kika yi makaranta." Ta buɗe akwati ta ƙirgo mini.

Wata biyar na farko kuwa kamar gaske. Na koyi duba shafin farashi a jarida, duk Juma'a in sa yaro ya sayo, in zauna da biro ina lissafin arzikina. A ranar 5 ga Maris 2008 ma'aunin kasuwar hannun jari ta Legas ya haura maki dubu 66, tsayin da bai taɓa kaiwa ba. Ashe rannan ce ƙololuwa. Daga nan ya fara gangarowa, yau kaɗan gobe kaɗan, ana ce mana gyara ne kasuwa take yi, a ƙara haƙuri. Kafin a cika shekara ya dawo wajen maki dubu 20. Wato in kin zuba naira uku, biyu sun bi iska, kuma namu na banki ya fi haka muni. Ga shi ko kin ce za ki sayar a faɗi, babu mai saye. A watan Agusta 2009 sabon gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, aka zuba wa bankunan naira biliyan 420 don kada su durƙushe da ajiyar mutane. Masu ajiya sun tsira. Mu masu hannun jari kuwa, da yake mu ne wai masu bankin, mu aka bari da takarda.

Abin dariya a cikin abin kuka, ranar da na daure na gaya wa maigida, ina jiran faɗa, sai na ga ya sunkuyar da kai. Can ya tashi ya buɗe jakarsa ya fito da irin takardata har guda uku. Shi har da bashi ya ci ya saya. Muka kalli juna, kowa ya rasa bakin yi wa ɗan uwansa gori.

Amma Yaya fa? Ke dai bari. Sai da na yi wata biyu ina zagaye ta bayan layi don kada mu haɗu. Ranar da na shiga na gaya mata ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba, cewa kawai ta yi, "Da hannuna na miƙa miki." Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. A shekarar babban ɗanta ya sami gurbin karatu, bai tafi ba.

Shekaru na yi ina ɗauka ni kaɗai ce wawuya a duniya, ko kuma wani ne ya yi mana asiri. Sai da 'yata ta shiga jami'a tana karatun tarihi, wata rana ta same ni da takardar a hannu, na ba ta labari. Ta ce, "Umma, ai kina da 'yan uwa da yawa, har da waɗanda suka mutu shekara ɗari uku." Ta ɗauko wayarta ta nuna mini wasu hotuna, daga baya ta riƙa aro mini littattafai. Abin da na tsinta a ciki shi nake so mu raba da ke.

Hoton farko zane ne na wani mutumin birnin Antwaf mai suna Quentin Matsys, ya yi shi a 1514, yanzu yana gidan tarihi na Louvre a Faris. Wani ɗan canji ne zaune a tebur yana auna tsabar kuɗi a ɗan ƙaramin sikeli, ga zobba da lu'ulu'u a gabansa. Matarsa na gefensa da littafin addu'o'inta a buɗe, yatsunta na kan shafi kamar za ta juya, amma idonta ya bar littafin ya koma kan kuɗin. Ba ta yi kama da muguwa ba, mace ce kamila da lulluɓinta, ido ne kawai ya zame mata. Na daɗe ina kallon matar nan, don na san wannan kallon, ni ma na yi shi a kan shafin jarida duk Juma'a.

Hoto na biyu ya ba ni dariya kafin ya ba ni kunya. Birai ne sanye da tufafin attajirai, wani na auna kaya, wani na ƙirga kuɗi, wani na rubuta lissafi, wasu na cin liyafa. A ɗaya gefen kuma an ja wani gaban alƙali, wani na kuka, wani ya tsaya yana fitsari a kan furanni, can baya an ɗauki gawar wani za a kai kushewa. Jan Brueghel ƙarami ya zana shi wajen 1640, yana yi wa mutanen Holan shaguɓe a kan haukan da suka yi na wata fure da ake kira tulip. Furen daga ƙasar Turkawa ta je musu, tana fitowa daga wani tushe mai kama da albasa. Masu kuɗi suka ɗauke ta abin ado da nuna isa, musamman mai zane-zane a jiki, wadda daga baya masana suka gano cuta ce ma take sa mata zanen. A damunar sanyinsu ta 1636 zuwa 1637 farashi ya haukace, har aka riƙa yi wa albasa ɗaya kuɗin da zai sayi gida. Kuma albasar tana cikin ƙasa ba a tono ta ba, takardar alkawari kawai ake cinikinta a wuraren shaƙatawa, wannan ya sayar wa wancan, wancan ya sayar wa na gaba. Su da kansu suka sa wa abin suna cinikin iska. A watan Fabrairu 1637 aka fito kasuwa a garin Harlem, masu sayarwa suka zo, masu saye ba su zo ba. Cikin 'yan kwanaki komai ya rushe. Masana tarihi na yanzu sun ce ɓarnar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, ƙasar ba ta talauce ba. Abin da ya fi lalacewa yarda ce tsakanin mutane, aboki ya ƙi biyan aboki, suruki ya kai suruki ƙara. Wannan kam na gaskata, don na gani tsakanina da Yaya.

Kada ki ce ai jahilci ne. A 1720 a Landan hannun jarin wani kamfani mai suna South Sea ya tashi daga fam 128 a watan Janairu zuwa kusan fam 1,000 a tsakiyar shekara, kafin shekarar ta ƙare ya faɗo ƙasa da fam 200. Cikin waɗanda suka yi asara mai yawa har da Isaac Newton, masanin lissafin nan da yaranmu suke haddace dokokinsa a makaranta, wanda a lokacin ma shi ne shugaban gidan buga kuɗin Ingila. Da fari ya saya ya sayar ya ci riba lafiya lau. Da ya ga farashi na ta hawa, abokansa na ta kuɗancewa, zuciya ta ƙi haƙura, ya koma ya saya da tsada, abin ya rufta da shi. Da na ji wannan na ce to ashe boko ba ta maganin kwaɗayi, wani lokaci ma ita take ba shi hujja.

To me ya sa farashi yake tashi haka ba dalili? Wani masanin tattalin arziki na Ingila, John Maynard Keynes, ya ba da misali a littafinsa na 1936 wanda na ga ya fi dacewa da mu mata. Ya ce kasuwar hannun jari kamar wata gasa ce da jaridu suke yi, a buga hotunan mata ɗari a ce ka zaɓi shida mafi kyau, wanda zaɓinsa ya dace da na mafi yawan mutane shi ya ci. Mai wayo ba zai zaɓi wadda ta yi masa kyau ba, zai zauna yana hasashen wadda sauran za su zaɓa, su ma sauran suna can suna hasashen abin da shi zai zaɓa. Kin ga an bar zancen kyau ke nan, an koma kallon-kallo. Ke da kike zuwa Kantin Kwari ai kin san wannan. Atamfa ta fito, ba ta fi sauran ƙwari ba, amma an ce ita ake yayi, sai kuɗinta ya ninka, kowa na rububi don kada a bar ta a baya. Bayan salla biyu a ce ta zama tsohon yayi, mai shago ya rasa yadda zai yi da ita. Iyayenmu sun jera ƙorai, aka zo aka ce sai tasoshi, aka koma langa da fanteka da samira, aka koma tangaran, kowanne a zamaninsa an ci bashi an saye shi, kowanne kuma ya ƙare a bayan ɗaki kaji na shan ruwa a ciki. Bambancin kawai, atamfa ko ta tsufa za ki ɗaura, langa za ki zuba tuwo. Takarda kuwa in yayinta ya wuce sai adaka.

Wani abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa ni da ke zaune a Kano da Amurka, da ake cewa daga can wutar ta taso? Ga yadda na fahimta. Bankunan Amurka sun yi ta ba mutane bashin sayen gida, har da waɗanda kowa ya san ba za su iya biya ba, don an ɗauka kuɗin gida ba ya taɓa sauka. Sai su tattara basussukan nan, masu kyau da ruɓaɓɓu, su haɗa a takarda ɗaya su sayar wa wasu bankuna a faɗin duniya, kamar mai tumatir da ya jera manya a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Daga 2006 kuɗin gidaje ya fara sauka, masu bashi suka kasa biya, wari ya fara tashi, kuma babu wanda ya san kwandon wa ya fi ruɓa, don haka banki ya daina yarda ya ranta wa banki. A ranar 15 ga Satumba 2008 wani babban banki mai suna Lehman Brothers, wanda ya haura shekara 150, ya faɗi warwas. Turawan da suka zuba kuɗi a kasuwar Legas suka kwashe abinsu don su toshe ramukan gida. Gangar ɗanyen mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 a Disamba. Amma a faɗi gaskiya, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tamu kasuwar ta fara gangara tun Maris, wata shida kafin faɗuwar Lehman, domin bankunanmu sun riƙa ranta wa mutane kuɗi su sayi hannun jari, wani lokaci ma na bankin da ya ba da rancen. Kin ga amsar tambayar Yaya ke nan. Ribar da muke gani kuɗin wanda ya shigo bayanmu ne, shi kuma bashi ya ci. Ranar da sababbin shigowa suka ƙare, ribar ta ƙare.

Kuma ba a kanmu aka fara ba. A watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, zuwa 1933 mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki, bankuna dubbai sun rufe. Guguwar ta iso har gonakin kakanninmu, kuɗin gyaɗa ya karye a Kano, manomi ya kai buhu a ba shi abin da bai taka kara ya karya ba, ga haraji kuma dole a biya da tsabar kuɗi. Manomin da bai taɓa jin sunan New York ba shi ya sayar da akuyar matarsa. Hoto na uku da 'yata ta nuna mini daga wannan zamani yake. Wata mai ɗaukar hoto, Dorothea Lange, ta ɗauke shi a 1936 a wani sansanin 'yan ci-rani a Kalifoniya. Mace ce 'yar shekara 32 amma kya rantse ta yi hamsin, ta yi tagumi tana kallon nesa, yara biyu sun kifa kai a kafaɗunta, jariri a cinya. Ba'amurkiya ce, amma tagumin nan babu macen da za ta ce sai an fassara mata. Maza ke caca a kasuwa, mace ke tsayawa gaban tukunya yara na tambayarta.

Daga nan sai tunanina ya koma kan kuɗin kansa. Kakata tana da wata tsohuwar ƙwarya da aka yi wa ado da wuri, muna yara muna ɓanɓarewa muna wasa. Takan ce, "Ku yi a hankali, da wannan aka biya sadakin kakata." Mu dariya muke yi. Ashe kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Daga tsibiran Maldibs da ke tekun Indiya ake kawo shi, ya ratso duniya kafin ya iso kasuwar Kurmi, wahalar samunsa ita ce darajarsa. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth, da ake kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a wuri 2,500. A daidai wannan zamani 'yan kasuwar Turai suka gano wani irin wurin mai araha a gaɓar Zanzibar, suka riƙa jibgo shi jirgi-jirgi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Wuri ya yi yawa, daraja ta zube, har ta kai ɗaukar kuɗin zuwa gari mai nisa yana cinye rabo mai tsoka daga cikinsu. Da Turawa suka kafa mulki suka kawo nasu kuɗin, wanda ya tara wuri a rumbu ya wayi gari da tarin ƙwanso. Saurari bakinmu ma ki ji, har yau muna cewa ba ni da ko anini, ba ni da ko sisi, bai ba ni ko taro ba. Duk sunayen kuɗi ne da aka yi rantsuwa a kansu, aka yi shari'a, aka ɓata zumunci, yau yaro bai san kamanninsu ba. Fam da sule suka tafi a 1973, naira da kwabo suka zo. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya. A farkon 2024 sai da aka ba da sama da naira 1,500 kafin a karɓi dala. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma sun kwana a watan Janairu 1994 sun tashi an raba darajar sefa biyu. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin kuɗi a littafinsa Ihya'u Ulumiddin da misalin da ban taɓa mantawa ba. Ya kwatanta zinare da azurfa da madubi, wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi. Ya kuma kwatanta su da alƙali da aka naɗa tsakanin kayayyaki, don mai raƙumi da ke son za'afaran ya san nawa ne daidai da nawa. Ba a cin su, ba a ɗaura su, aikinsu su auna su wuce. Ibn Khaldun kuma, mutumin Tunis da ya rasu a 1406, ya nuna a Muƙaddimarsa cewa asalin riba da dukiya aikin ɗan Adam ne. To haɗa maganar malaman nan biyu ki gani. In madubi ya nuna miki buhu goma alhali buhu ɗaya ne a ɗaki, ba arziki kika yi ba, madubin ne ya lalace. Abin da Yaya ta gane ke nan tana kan keken ɗinki, ba ta karanta ko ɗaya daga cikinsu ba.

Kada ki fahimce ni a karkace, ban ce hannun jari duk yaudara ba ne. Kamfanin da ke yin siminti ko sukari ko sabulu, yana sayarwa yana cin riba yana raba wa masu jari, wannan tunkiya ce mai haihuwa, kuma akwai waɗanda suka saya da ilimi da haƙuri suka amfana. Sai dai ki san tsawon haƙurin. Ma'aunin kasuwar Legas bai sake taka inda ya kai a Maris 2008 ba sai a watan Agusta 2023, shekara 15 ke nan, kuma nairar da ta tafi ba ita ce ta dawo ba, don a Maris 2008 dala ba ta kai naira 120 ba. Ban kuma ce zinare ba ya faɗuwa ba. Gaskiya ne wanda na sayar a 2007 kuɗinsa ya ninka fiye da biyu zuwa 2011, abin da ya ƙara mini takaici, amma a 2013 shi ma ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Babu inda za ki ajiye dukiya ki ce kin gama da duniya.

A 2016 da aka zo da MMM, wai ki zuba kuɗi a ba ki ƙarin kashi 30 cikin ɗari duk wata, wata amarya a layinmu ta shigo da murnarta tana so in shiga. Na zaunar da ita, na buɗe adaka na ɗora mata takardar a cinya, na yi mata tambayar Yaya. Ta ce, "Anti, ai na ga waɗanda aka biya da idona." Na ce ni ma na gani a 2007. Ba ta ji ba. A watan Disamba na shekarar aka rufe asusun mutane. Har yau irinsu ba su ƙare ba, suna canja suna ne kawai, yanzu ma ta waya suke shigowa har cikin ɗaki, ba sai an yi sallama ba.

Don haka 'yar uwa, ga ɗan abin da na saya da tsada nake ba ki kyauta. Duk wanda ya zo miki da harka, tambaye shi ribar daga ina take fitowa, gumin wa ne, me ake sarrafawa, wa ke saye. In ya kasa yi miki bayanin da za ki iya maimaita wa kakarki ta gane, riƙe kuɗinki. In ya ce yau ne kawai gobe an rufe, ƙara riƙewa. In kika ga mai kitso da mai wanki da direban makaranta duk zancen abu ɗaya suke yi, to masu shigowa sun kusa ƙarewa. Kada ki ci bashi don ki zuba, kada ki taɓa kuɗin makarantar yara, kuɗin marayu kuwa ko da wasa. Ɗan abin da Allah ya hore miki ki rarraba shi, kaɗan a dabba, kaɗan a hatsi lokacin kaka, kaɗan a ɗan kunne, mafi tsoka kuma a sana'ar da hannunki ya iya, domin ita ce ba a karya darajarta da sanarwa a rediyo. Sannan ki ji tsoron ba da shawara a kan abin da ba ki sani ba. Asarar kuɗina na manta zafinta, amma "ke kika yi makaranta" har yau tana tashe ni da dare.

Ni da Yaya mun shirya, amma sai da aka ɗauki shekara biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na fara yin zoɓo da kunun aya ina aikawa makarantu, na ɗauki kuɗin makarantar autarta a kaina har ta gama sakandare. Ta ƙi da fari, na ce in ba ta karɓa ba to ba ta yafe ba. Babban ɗan nata ya koyi gyaran waya, daga baya ya yi karatunsa da kuɗin hannunsa. Keken ɗinkin nan dai shi ya riƙe gidan, yana nan har yau, an canja masa bel ya fi sau goma. Kwanan baya na shiga na tarar tana koya wa jikarta sa zare, ta dube ni tana dariya ta ce, "Hajiya mai banki, ya kasuwa?" Na ce, "Kasuwa sai godiya, Yaya, tunkiyata ta haifi biyu."

Allah ya ba mu wadatar zuci, ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.